Rigar da Aka Farke a Sharaɗa

A da, idan mota za ta tashi daga Kano zuwa wani gari, ba kayan da aka yi hayarta dominsu kaɗai take ɗauka ba. Akwai saƙo. Mace za ta zo da ƙullin daddawa, tsoho ya zo da ɗan buhun da ya ɗinke bakinsa da basilla, a miƙa wa direba, a faɗa masa wanda zai ba, shi ke nan. Direba ba ya tambayar abin da ke ciki, kuma ba ya buɗewa. Tambayar ma abin kunya ce, kamar ka kalli mutum ka ce ba ka yarda da shi ba. Na yi yawo gwargwado a ƙuruciyata. Na san tashoshin Kumasi da na Abidjan, na zauna a Injamena da Omdurman, kuma duk inda mutanenmu suka kafa zango na tarar da wannan al'ada. A Abidjan ma, inda ake son takarda da hatimi a kan komai, da ka shiga unguwar Hausawa za ka ga saƙo a ɗinke yake tafiya. Amma yau ka je bakin kowace masana'anta a Sharaɗa ka miƙa wa direba ƙulli a ɗaure. Baya zai ja, ya ce ka kwance a gabansa tukuna.

A sitona aka fara wannan sauyi, ko in ce a nan na ga farkonsa da idona.

Lokacin da yaƙin arewa maso gabas ya yi zafi, na riga na ajiye fatauci. Ina da sito a Sharaɗa, bayan wani kamfanin roba, da fili a gabansa inda babbar mota za ta iya juyawa. Wani ɗan kwangila da ya fi ni ƙarfi ya ba ni ɓangaren da manya ba sa so: ƙananan kayan da soja yake buƙata kullum. Ba ruwana da makami, ba ruwana da shinkafa. Nawa shi ne sabulu da man shafawa, biskit da alewa daga Bompai, bokiti da buta da silifa da tabarmar roba daga nan Sharaɗa, sai gidan sauro da singileti da safa da ganyen shayi da sukari. Wasu suna yi mini dariya, wai Alhaji mai yaƙi da buta. Ban damu ba. Na taɓa zama kusa da wani sansani a Chadi a shekarun rikicinsu, na ga sojojin da suka kwana cikin ƙarar harsashi ba su ce uffan ba, da safe suka tashi suna neman dambe saboda sukarin shayi ya ƙare. Mutumin da ya yi wata da takalmi a ƙafa, silifa ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa.

Direbana Babarbare ne, da zanensa a fuska, amma a Hotoro ya girma, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Yana da mata da 'ya'ya ƙanana. Zanen nan ya jawo masa wahala a shingayen bincike a shekarun, don da an haska fuskarsa sai a ce ya sauko, alhali direbobin da ke gabansa an ɗaga musu hannu sun wuce. Duk da haka shi ne ya fi kowa sanin hanyar, kuma shi ne bai taɓa cewa ba zai je ba.

Da labari ya bazu cewa motarmu tana isa inda sojoji suke, sai saƙo ya fara zuwa. Ma'aikatan Sharaɗa da Challawa da yawa suna da ɗa ko ƙane ko suruki a can. Ana gobe tashi za ka ga mata daga Panshekara tsaye a bakin ƙofa da kilishi, da dambun nama, da ƙuli-ƙuli, da yaji a kwalba. Direba ya karɓa, ya jera a bayan kujerarsa. Ni ban hana ba. Ban ma yi tunanin abu ne da ake hanawa ba.

Cikin masu kawo saƙo akwai wani dattijo Bafulatani daga wajen Jigawa, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Fari ya cinye masa shanu tun yana saurayi, ya shigo Kano ya sami aiki a wata majema a Challawa, yana cewa shanun sun tafi sai ya biyo fatunsu. A can ya koyi ɗinkin fata a wurin dukawa. Ɗansa guda ne namiji, kuma soja ne. Tsakaninsa da direbana akwai wasan nan na Fulani da Barebari, ba sa haɗuwa su rabu lafiya.

"Kai bawana, zo ka karɓi kayan ubangidanka," in ji dattijon, ranar da ya kawo saƙon da nake ba da labari.

"Wa ya ga Bafulatani da bawa? Saniya ɗaya ba ka da ita, Baba, sai warin fata."

"Warin nan ya fi ƙamshin turaren gidanku. Riƙe da hannu biyu, kada ka ɗora masa komai a kai. Kuma kada ya taɓa ƙasa."

"Ko nono ne ka daskarar?"

"Abin da ya fi ƙarfin kanka ne. Kai dai ka kai."

Ɗan buhu ne, bai fi matashin kai ba, an ɗinke shi ta kowane gefe. Direba ya sa shi can sama da sauran saƙonni.

Washegari da hantsi aka gama lodi. Lokacin bazara ne, zafi ya fara tun kafin rana ta yi sama. Ƙa'ida ita ce sojojin rakiya su zo su duba mota a sito, a ɗaure tampol a gabansu, sannan ta bi su ta shiga ayari. Waɗanda muka saba da su kan leƙa kawai, su sha ruwa, a tafi. Ran nan sababbi ne suka zo, da wani laftanan matashi ɗan kudu, wanda ba ya jin Hausa sai gaisuwa, da wani saje mai furfura a gemu, mutumin arewa. Garin kuwa ba a kwance yake ba. Ba a daɗe da tashin bam a wata tasha ba, kowa a tsorace yake da duk wani ƙunshi da ba a san mai shi ba.

Suka bi kwalaye da sandar nan mai ƙara idan ta ji ƙarfe. Komai lafiya. Sai wani soja ya hau gaban mota. Ina tsaye a inuwar sito ina magana da shugaban 'yan dako na ji sandar ta ɗauki kuka ba tsayawa. Na ga sojan ya sa hannu ya latsa buhun dattijo a hankali. Sai ya diro daga motar da baya, yana ihu.

Ban san lokacin da na kwanta ba. Na dai ji ƙasa mai zafi a kumatuna, da ƙarar ɗana bindigogi. 'Yan dako duk sun zube, wani yana salati da ƙarfi har saje ya daka masa tsawa. Sojan yana faɗa wa laftanan da Turanci abin da hannunsa ya ji: wasu abubuwa masu tauri, ƙanana, a jere layi-layi a jikin tufa, da igiyoyi sirara kamar waya suna haɗa su. Duk wanda ya rayu a Kano a shekarun nan ya san abin da wannan siffa take nufi.

Aka janye kowa zuwa bayan katangar sito. Direba kuwa aka tuɓe masa riga, aka durƙusar da shi a rana, hannuwa a ka.

"Na wane ne?" in ji laftanan. Saje yana fassarawa.

"Saƙo ne, ranka ya daɗe."

"Me ke ciki?"

"Ban sani ba."

"Ka ɗauki abin da ba ka san mene ne ba, za ka shiga da shi cikin sojoji?"

"Ai ba a buɗe saƙo, ranka ya daɗe."

Gaskiya ya faɗa, kuma a kunnen duk wanda ke kwance a bayan katangar nan amsa ce ta mutumin kirki. A kunnen laftanan babu amsar da ta fi ta muni. Ya tambaye shi garinsu. Ya faɗa. Na ga yadda sojojin suka kalli juna, suka sake kallon zanen fuskarsa. Aka ce ya faɗi wanda ya ba shi. Ya sunkuyar da kai ya ce mutane da yawa ne suke kawowa, ba zai iya tunawa ba. Na san ya tuna. Yana ganin idan ya ambaci dattijon, tsoho ne za a je a ɗauko daga wurin aikinsa a jefa a bayan mota.

Laftanan ya ce a kawo igiya. A lokacin, wanda aka tafi da shi a kan irin wannan zargi ba a sa ranar dawowarsa. Na san gidaje a Hotoro da Na'ibawa da suka yi ta bin ofisoshi suna tambaya har suka gaji.

Na ɗaga hannu daga inda nake, na ce da Turanci ni ne mai sito, a ba ni izinin magana. Aka ce in taso a hankali. Abin da sojan ya siffanta ya tuna mini da wata riga da na gani a jikin mafarauta a ƙasar Mali, na kuma sake ganin irinta a ƙarƙashin kakin sojojin Chadi: riga ce da ake jera wa layu, kowace a ɗinke cikin fata, a ɗaure su da siririyar igiyar fata. Na tuna kuma da maganar dattijon cewa kada buhun ya taɓa ƙasa. Na faɗa wa laftanan zatona. Na ce mai saƙon uban soja ne, kuma na san inda yake.

"Zato kake yi," in ji shi. "Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba."

"To laya tana sa sanda kuka?"

Na ce wasu ana sa musu allura ko guntun ƙarfe. Ya juya ya kalli saje. Saje ya san abin da nake faɗa sarai, na gani a fuskarsa, amma ya ce, "Yana yiwuwa, oga. Ɗayan ma yana yiwuwa." Ban ga laifinsa ba. Da ya tsaya mini, abin ya zama ba haka ba, rayukan yaransa ne.

Laftanan ya share gumi. Sannan ya yanke: mai kayan ya zo da kansa, ya ɗauko buhun da hannunsa, ya buɗe komai a tsakiyar fili, ɗaya bayan ɗaya. Idan ayari ya tashi bai zo ba, za a kira masu kwance bam su tarwatsa buhun, direba kuma ya bi su bariki. Ayarin bayan azahar zai tashi.

Aka haɗa ni da saje muka shiga motata. Hanyar Panshekara ran nan cike take da tireloli, ga shinge a gaba, ko da yake kakin saje ya buɗe mana shi. Can warin majemu ya fara shigowa ta taga. Nan saje ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Alhaji, in ya ƙi fa? Kun san abin da buɗewa take nufi a wurinsu."

Na sani.

Muka sami dattijon a rumfar shanya fatu, da takalmin roba har gwiwa. Da ya ga soja a bayana sai ya saki fatar da ke hannunsa. Ya zaci labarin ɗansa aka kawo. Na yi saurin cewa yaro lafiya, ba wannan ba ne. Na ja shi gefe na faɗa masa komai.

Ya zauna a kan wata ganga. "Riga ce, Alhaji. Rigar yaro ce."

"Na sani, Malam. Su ne ba su sani ba."

"To ku faɗa musu mana. Ku da kuke jin yarensu."

"Na faɗa. Sun ce sai sun gani. Kowace laya sai an farke ta."

Ya girgiza kai. "In aka buɗe ta mutu. Malamin da ya rubuta su ya rasu da azumin nan, su ne aikinsa na ƙarshe. Ya ce mini daga hannuna sai jikin yaro, ido kada ya ga cikinsu. Ni na ɗinke su da kaina, bayan na tashi daga aiki, har idona ya fara ba ni wahala." Ya ɗago ya kalli saje. "Kai ɗana, kana can kana gani. Yaran nan faɗuwa suke yi ko ba sa faɗuwa?"

Saje ya ce, "Suna faɗuwa, Baba."

Ni ba mai layu ba ne, na bar su tun zamana a Omdurman. Amma ban ga wurin wa'azi a nan ba. A wurin mutumin nan, abin da nake roƙonsa shi ne ya tuɓe wa ɗansa sulke da hannunsa saboda ɗan wani. Na ce masa direba yana durƙushe a rana tun hantsi, kuma an kawo igiya. Injin majema yana ta ruri a bayanmu, ƙudaje suna bin ƙafafunmu, ni kuwa ina kallon inuwar rumfa tana matsewa.

Can ya ce, "Shi ya faɗi sunana?"

"Bai faɗa ba. An tambaye shi, ya ce ya manta."

"Ya manta." Ya maimaita a hankali. Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sannan ya cire takalman roba, ya ɗauko 'yar askarsa ta yankan fata daga cikin aljihu. Saje ya miƙa hannu ya ce zai riƙe masa har mu isa.

Da muka dawo Sharaɗa an fara kiran salla a masallacin kamfanin roba, amma ba wanda ya motsa daga bayan katanga. Mutane sun taru a nesa a kan titi. Direba yana nan inda muka bar shi, an ɗaure masa hannuwa ta baya, leɓɓansa sun yi fari. Da ya ga dattijon sai ya runtse ido.

Aka ba dattijo askarsa. Ya taka shi kaɗai zuwa motar, bindigogi suna bin bayansa. Ya hau da ƙyar, ya sauko rungume da buhun. A tsakiyar fili ya tsaya ya waiwayo, ya ce ba zai ajiye a ƙasa ba. Saje ya fassara. Laftanan ya ce a jefa masa tabarma. Ɗaya daga cikin tabarmin roba da muka yi lodi aka zaro aka wurga masa.

Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, ya yanke ɗinkin buhun. Ya zaro rigar ya ɗaga ta sama. Farar riga ce marar hannu, gaba da baya duk layu ne jajaye a jere. Daga inda muke, ko ni da na san mece ce sai da gabana ya faɗi. Na ji wani soja ya ja numfashi.

"Duka," in ji laftanan.

Ya fara daga wuya. Ya sa bakin aska ya tsinke zaren, ya buɗe fatar, ya zaro takarda a naɗe, ya warware ta ya ɗaga, ya nuna allurar da ke ciki, ya ajiye a cinyarsa. Sai ta gaba. Ɗinkinsa ne, ya san inda kowane zare ya bi. Bakinsa yana motsi amma ba ma jin abin da yake faɗa. Da ya kai rabi, laftanan ya sauke hannunsa, sojoji suka sassauta. Na zaci zai ce ya isa. Bai ce ba, kuma na fahimci dalili: wadda aka bari a rufe ita za ta hana shi barci a hanya. Dattijon ma bai ɗago ya nemi sassauci ba. Ya bi su har ta ƙarshe.

Iska ta taso ta kwashi wasu takardun daga cinyarsa. Saje ne ya fara fita daga bayan katanga ya bi su da gudu, yana tsincewa kafin su faɗa kwata. Ni ma na bi, 'yan dako suka biyo. Muka tattara muka mayar masa.

Laftanan ya sa aka kwance direba. Ya je gaban dattijon ya tsaya, kamar yana neman abin faɗa, sai ya ce da 'yar Hausarsa, "Baba, sannu." Dattijo ya gyaɗa kai.

Saje ya durƙusa kusa da shi. "Baba, ai sai a mayar a ɗinke. Oga zai jira kaɗan."

"A'a, ɗana. Fata ce kawai yanzu."

Ya zuba takardun da alluran a hularsa. Ya kakkaɓe rigar, wadda ba abin da ya rage a jikinta sai ramukan basilla, ya ninke ta. Direba ya taso yana tangaɗi, an ba shi ruwa ya kasa riƙe kofin. Dattijo ya miƙa masa rigar.

"Ungo, bawana. Kai masa haka. Ka ce ya riƙa sawa a ciki, ko gumi ta tsane masa."

Kowa ya jira direba ya rama, kamar kullum. Bai rama ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa har ƙasa.

Na ce masa ya huta, in nemo wani ya ja motar. Ya ce shi aka ba saƙo. Ya sa rigarsa, ya yi salla, ya bi ayari.

Yaron ya karɓi rigar. Daga baya ya zo hutu na gan shi, dogo kamar ubansa, yana ɗan ɗingishi. Ban tambaye shi ko yana sa ta ba, uban kuma bai taɓa sake tayar da zancen ba, ko da ni. Direba ya ci gaba da aiki da ni har kwangilar ta ƙare. Amma wasan da ke tsakaninsu ya mutu a filin nan. Duk inda ya ga dattijon sai ya cire hula ya gaishe shi kamar uba. Dattijon ya sha kawo mini ƙara, wai na lalata masa bawa, yanzu ba shi da wanda zai zaga.

Tun daga tafiyar da ta biyo baya na sa tebur a bakin ƙofar sito. Duk mai saƙo ya zazzage a kai, a gani, a zuba a farar leda. Matan Panshekara sun yi fushi da farko, wata ta ce ko yajin ma sai na ɗanɗana. Sauran masu sito suka ɗauka, har ya kai Bompai da Challawa, har ya shiga tashoshin da ba ruwansu da soja. Yanzu hanyar ta yi sauƙi, shingaye sun ragu, amma ba a koma ba. A Sharaɗa ba a ƙara karɓar saƙo a ɗinke.